Fijon Baba mai ƙofa biyu: in dasa mata injin Lexus ko in bar ta da nata?

Autan Alhaji:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na daɗe ina leƙe a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai ga ni da matsala a hannu. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado kowa ya kauce wa wata mota da ke ajiye a bayan gidanmu a Zariya, ƙarƙashin rumfar kwano, tun ina firamare. Ni na ce a sa mini ita a kasona. Yayyena har dariya suka yi, wai auta ya ɗauki Dala ba gammo.

Peugeot 504 ce, amma ba irin wadda muka saba gani a tasha ba. Mai ƙofa biyu ce, Coupé, takardunta sun nuna 1973. Fitilu huɗu a gaba kowace zaman kanta, na baya kuma tsaga uku-uku a karkace. Baba ya saye ta a Yamai a hannun wani Bafaranshe malamin makaranta da zai koma gida. Jikinta da sauƙi: tsatsa ta ci ƙasan ƙofar direba da ramin safaya taya, das ɗin ya tsattsage saboda rana, ɓeraye sun yi walima da wayoyi, kaji kuma sun shekara suna ƙwai a kujerar baya. Inji ne ya kama. Na sa sifana a kan fulin karanshaf, na ƙara mata bututu, na hau da duk nauyina, ko gezau.

Ni ba bakanike ba ne, lissafi nake koyarwa a sakandare. Abin da nake da shi tsakar gida ne, da kayan aiki daidai gwargwado, da Asabar da Lahadi. Tunanina in cire wannan mataccen injin in dasa mata injin 1UZ na Lexus LS400, tunda ana samunsa na Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ga hotunanta nan na sa. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, ta ina zan faro?

Injiniya V8:
Wa alaikumus salam. Malam, ka zo gida! Ka ma riga ka gama tunani, kada kowa ya rikita ka. 1UZ lita 4 ne, silinda takwas, ƙarfin doki 250 tun fitowarsa ta farko a 1989, ga shi bulok ɗinsa alminiyam ne, bai da nauyin da mutane ke zato. Naka injin ko ranar da ya fito sabo fil doki 104 yake bayarwa. Ka ga ninki biyu da ɗoriya ke nan, a motar da ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. Ranar da ka taka ta a hanyar Zariya zuwa Kano masu Camry sai dai su ga ƙura. Kuma Toyota ne, ko a ƙauye ka tsaya za ka samu mai taɓa maka.

Sadiq Turbo:
Injin Toyota 2JZ dai. Duk wanda zai yi kombashan, wato dasa wa mota injin wata, bai sa 2JZ ba wasa yake.

Injiniya V8:
Kai Sadiq, ka taɓa ɗaukar tef ka auna 2JZ? Silinda shida ne a layi ɗaya, dogo kamar sandar Fulani, ga bulok na baƙin ƙarfe. Injin da ke cikin motar nan silinda huɗu ne, shi ma sai da aka kwantar da shi a gicciye don bonet ya rufu. Ina za ka kai lagireto, kan bamba?

Umman Khairat:
Ni dai tambayata ɗaya ce, Malam: uwargida ta san tsakar gidanta ce za ta koma gareji? Maigidana ya shigo da wata tsohuwar Marsandi ya ce wata uku, yanzu yaron da na haifa a shekarar ya shiga aji biyu, igiyar shanyata a jikin madubinta take ɗaure. Allah ya ba da sa'a dai.

Autan Alhaji:
Hajiya, an yi sulhu tun kafin a ja motar. Sharaɗinta kada baƙin mai ya taɓa wajen murhu, kuma in mota ta tashi ita ce farkon shiga gaba.

Baba Kakuri:
Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini hotunan ya ce in sa baki. Na yi shekara 24 ina aiki a layin haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, na shiga ba da daɗewa ba bayan an buɗe masana'antar a 1975, kuma 504 ita ce abincinmu, har wajen 2006 ana haɗa ta a can bayan Faransa ta daɗe da daina yin salun ɗinta. Amma irin wannan taka, ɗana, ba mu taɓa haɗa ko ɗaya ba. Zanen Pininfarina ne na Italiya, su ne kuma suka ƙera jikin. An fara nuna ta a 1969 aka daina a 1983. Babu ƙofa, ko bonet, ko gilashin salun ɗinmu da zai hau kanta. Tsakanin tayar gaba da ta baya ma ta fi salun gajarta da santimita 19. Don haka duk abin da ka yanke a jikinta da giranda, ka sani ba za ka je kasuwar Panteka ta Kaduna ka sayo madadinsa ba.

Yanzu maganar inji. Yaran nan duk suna kallon cikin bonet, ni kuma ina so ka shimfiɗa tabarma ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Za ka ga ba ta da furofela a fili irin ta Toyota mai joyin a gaba da baya. Wani bututun ƙarfe ne mai kauri ya taso daga bayan giyabos, an ɗaure shi da kusoshi, ya tafi ya kama aksul ɗin baya, furofelar tana juyawa a cikinsa. Wato inji, da giyabos, da bututun, da aksul, duk abu ɗaya ne kamar ƙashin baya. Bututun shi ke riƙe wutsiyar giyabos, shi ke hana aksul ɗaga kai in ka taka totur. Ranar da ka cire giyabos na Peugeot ka sa na Lexus, bututun ba shi da inda zai kama. Ka cire bututun, aksul ya rasa madogara, giyabos ya rasa mazauni. Sai ka ƙera wa kowanne nasa daga farko, a jikin motar da ba a yi ta don ɗaukar wannan jijjiga a waɗannan wurare ba.

Ba inji za ka canza ba, ɗana. Rabin mota za ka sake ƙerawa.

Injiniya V8:
Allah ya ƙara girma, Baba, mun ƙaru. Amma da izininka: ai su kansu Peugeot sun sa wa wannan jikin injin V6 mai silinda shida a 1974, kuma V6 ɗin nan mai buɗewar digiri 90 ne, daidai da 1UZ. In faɗin wancan ya shiga, na wannan ma zai shiga. Sauran kuma aikin walda ne. Turawa a garejin gidajensu suna dasa V8 a motocin da ba su kai wannan girma ba.

Baba Kakuri:
Faɗi ka auna, ɗana, ba ka auna tsawo ba, akwai ƙarin silinda guda a kowane ɓari. Kuma ban ce ba zai yiwu ba. Da kuɗi da giranda ko injin tirela sai ya shiga. Tambayata ita ce in an gama me ya saura na motar Alhaji? Aksul ɗin nan na baya an yi shi ne don doki ɗari da 'yan kai. Ka ɗora masa 250, ko haƙoran ciki su zube ko sandunan da ke kai wa tayoyi su murɗe. To ka canza aksul. Ka canza aksul sai tayoyi, don kusoshin tayar 504 huɗu ne a tazarar milimita 140, kusan ba motar zamani da ke da irinsu. Ka zo kan birki, ka zo kan sifirin na gaba. Abu kamar tsiyayar rufin soro, ka toshe nan ta ɓullo can.

Mai Walda Panteka:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma ni abincina ke nan, da zan bi son raina cewa zan yi a kawo aikin. Na yi kombashan ya fi a ƙirga, amma yawanci a motocin da ke da shasi daban, irin a-kori-kura da bas, inda za ka samu ƙarfe mai kauri ka kama injin-sit a kai. Wannan jiki da shasi a haɗe suke, falle ne aka lanƙwasa. Kuma Malam ya ce tsatsa ta ci ƙasan ƙofa. Wannan dogon akwatin da ke ƙarƙashin ƙofa shi ne ƙarfin motar, ba ado ba ne. Kafin a yi zancen kowane inji, ka ɗauki sukuddireba ka bi shi kana sokawa daga gaba har baya. Duk inda ya shige a yanke a sa sabon falle. Kuma don Allah kada ka bari wani ya cika maka da fila ya shafe da fenti. An taɓa kawo mini wata da aka cusa wa takardar siminti da ragar kaji a ciki aka bi da fila, sai da muka sa wuta muka ji ƙauri.

Rewaya Sabon Gari:
In ƙara da nawa ɓangaren. Kowa na cewa 1UZ, ba wanda ya ce birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Injin nan ba ya tashi da waya biyu kamar na Fijo. Sai ka sayo shi da birenbos ɗinsa, da cikakkiyar wayarsa ba yankakkiya ba, da na'urar auna iska, duka daga mota ɗaya. 'Yan kasuwa kuwa da adda suke datse wayar in suna sauke inji. Na baya-bayan nan masu VVT-i kuma suna zuwa da tsarin makullin da in babu ainihin makullinsa ba zai ba da wuta ba. Sannan LS400 ba ta taɓa fitowa da giyar hannu ba, otomatik ce zalla. In kana son kuloci sai an nemo wani giyabos an yi masa faranti na haɗi. Ga famfon mai na lantarki mai matsi, ga layin mai mai komawa tanki. Malam, lissafi kake koyarwa, to ka lissafa duk wannan kafin ka ba da kuɗin inji.

Sadiq Turbo:
Duk tsoro ne. Kuma abu na farko in an sa kowane inji a cire tamostat, abin nan da ke tsare ruwa sai inji ya yi zafi, ƙasarmu da zafi.

Rewaya Sabon Gari:
Ga irinta nan. Wa ya gaya maka tamostat don sanyin Turai kaɗai aka yi shi? In ka cire inji ba ya kai zafin da aka tsara masa da wuri, birenbos ya ɗauka har yanzu safiya ce ya yi ta zuba mai. Da sanyin hunturu a Jos ko Funtuwa sai ka yi tafiyar awa guda allura ba ta motsa ba.

Sadiq Turbo:
Motar babana shekara 15 ba tamostat ba abin da ya same ta.

Admin:
Sadiq, Rewaya, wannan rigimar mun yi ta sau uku a bana. Ku buɗe mata nata zaren. A koma kan motar Malam.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni daga ɓangaren Nijar nake, kuma da na ga hoton sai da gabana ya faɗi, don rabona da ganin irinta tun ina yaro a Yamai. Mu nan Fijo ta hanya biyu ta zo muna: wasu daga Kaduna, wasu kuma Turawa matasa ne ke tuƙo su daga Faransa, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar su hau jirgi su koma. Amma waɗancan yawanci salun ne da doguwa mai ɗaukar iyali. Mai ƙofa biyu sai manyan ma'aikata.

Abin da nake so Injiniya ya sani, motar nan ba ta buƙatar aron suna wurin Lexus. A 1978 irin wannan jikin, da injin V6, shi ya ci tseren Safari na Kenya, Jean-Pierre Nicolas na tuƙi, kuma a shekarar ya sake cin na Bandama a Kodebuwa. Kafin nan a 1975 salun 504 ta ci Safari a hannun Ove Andersson. Ba a kan kwalta mai santsi ta yi suna ba, a kan jar ƙasa da laka irin tamu ne. In dai Malam ƙarfi yake so, ya nemi V6 na gidansu. An sa shi a Peugeot 604, da Renault 30, da Volvo 264, don su ukun ne suka haɗu suka yi shi, shi ya sa ake ce masa PRV. Na cikin 505 V6 da ya fito a 1986 lita 2.8 ne, doki 170. Ga shi da giyabos na Peugeot da ya san zaman bututun da Baba ya faɗa.

Injiniya V8:
PRV? Injin da ke sulo kamar mai ɗingishi? Ai shi ma V8 aka fara zanawa aka yanke masa silinda biyu, shi ya sa wutarsa ba ta sauka daidai. Ka ga ko Faransawan ma V8 suka so yi, ni cika musu buri zan yi.

Baba Kakuri:
Ka iya magana, ɗana, na yi dariya. Ɗingishin gaskiya ne a na farkon, mai lita 2.7 da doki 136. Na cikin 505 an gyara karanshaf ɗinsa, wutarsa daidai take sauka. Shawarar mutumin Maraɗi ta fi ta Lexus kusa da hankali nesa ba kusa ba, amma ita ma ba ɗauka-ka-ɗora ba ce. Motar Malam an haife ta da silinda huɗu, shekara guda kafin V6 ya zo, sai an auna mazaunin inji, da lagireto, da tsawon bututu, da hanyar salansa biyu. Kuma 505 V6 ba ta yi yawa a ƙasar nan ba, wanda duk ke da mai lafiya ba ya sayarwa, wanda ake sayarwa kuma akwai dalili.

Amma ni wani abu ke damuna tun ɗazu. Ɗana, ka ce 1973. Coupé ta wannan shekarar ba da kafireta ta fito ba, da injekta ta fito, famfon Kugelfischer, na ƙarfe zalla ba ruwansa da kwamfuta, irin wanda aka sa wa BMW 2002 tii. A hotonka kuwa kafireta nake gani irin ta salun ɗinmu. Ke nan wani ya taɓa sauya mata. Ka goge jikin bulok da fetur da burushi ka karanta lambar da aka buga, ka gwada da ta takarda. Sannan ka tambayi mahaifiyarku, in tana raye, ko Alhaji ya ajiye wasu ƙarafa. Mutumin da ya je har Yamai ya sayo irin wannan mota ba zai bari bakanike ya tafi da famfonta ba.

Autan Alhaji:
Tana raye Baba, alhamdu lillahi. Zan je gida ranar Juma'a in sha Allah.

Umman Khairat:
Ka tafi mata da goro da turare, tsofaffi ba sa tuna inda aka ajiye abu da hannu wofi.

Autan Alhaji:
Jama'a, na dawo, kuma jikina har yanzu a sanyaye yake. Lambar bulok ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi, injinta na haihuwa ne. Da na tambayi Hajiya sai ta yi shiru, can ta ce in ɗauko makullin ɗakin ajiya. A can ƙurya, bayan tsofaffin kwallaye da tukwanen biki, akwai wata adaka ta ƙarfe. Muka buɗe. Buhun gishiri ne a naɗe, ciki tsohuwar rigar Baba ta shadda jiƙe da baƙin mai, ciki kuma famfon nan da siraran bututunsa huɗu, da manifol, da nozul huɗu kowanne an toshe bakinsa da tsumma an ɗaure da zare. Har da takarda da rubutun hannunsa na ajami, ya rubuta wanne bututu ke zuwa wace silinda.

Hajiya ta ce a shekarun 1990 motar ta fara shan mai tana hayaƙi, aka zagaya Zariya da Kaduna ba a samu mai saita famfon ba, shi ne bakanikensa ya ce a mayar da ita kafireta. Baba ya yarda amma ya tsaya a kansa har aka gama, ya kwaso komai ya kawo gida. Ta ce sau biyu masu gwangwan suna zuwa tana hana yara su fitar da adakar, don ya ce mata amana ce. Ni dai a wurin na zauna a ƙasa.

Ɗan Maraɗi:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Alhaji, ya san abin da yake riƙe da shi.

Injiniya V8:
Allah ya gafarta masa. To ni yanzu me zan ce? Amma fa gaskiya ɗaya ce: inji a kame yake, famfo kuma tun wancan zamanin ba a samu mai gyara shi ba, balle yanzu. Kada a mayar da Malam mai gadin gidan tarihi, shekara goma mota na kan duwatsu ana jiran wani tsoho daga Jamus. Mota don a hau aka yi ta.

Baba Kakuri:
Nan kuma ina bayanka ɗari bisa ɗari. Motar da ba ta tafiya akurkin kaji ce, an ma gani. Ga abin da zan yi da ni ne.

A yi dashen inji, amma na 'yan uwa. Ka nemi injin 504 ko 505 mai lita 2 na kafireta, wanda muke kira XN1. Girmansa ɗaya da naka, 1971 cc, kwanciyarsa ɗaya, zai kama giyabos ɗinka da injin-sit ɗinka ba tare da ka kunna giranda ba. Irinsa muka yi ta sawa a Kaduna, har gobe akwai shi a Ƙofar Ruwa da Panteka, kuma duk wani tsohon bakanike daga nan har Agadas ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ka ɗora shi, mota ta tashi, uwargida ta shiga gaba. Shi kuma na Alhaji ka sauke shi ka ɗora a benci ka bi shi a hankali, ko shekara biyu zai ɗauka ba mai korarka.

Kuma kamewar nan ba mutuwa ba ce. Injin Peugeot silib ɗinsa zarewa ake yi, ba a jikin bulok aka huda silinda ba. Fistin da zobe da silib saiti guda ake sayarwa, ka zare tsofaffi ka zura sababbi. Ka daina hawa sifana da nauyinka, za ka lanƙwasa kwanrod. Cire fulogi huɗun, ka haɗa man gas da jan man giyar otomatik rabi da rabi, ka ɗura a kowane rami, ka bar shi mako biyu kana ƙarawa. Bayan nan ka riƙa gwada shi gaba kaɗan, baya kaɗan, da hannu ɗaya. In ka zo cire top, wato murfin saman silinda, ga inda yara ke kuskure: da zarar top ya tashi ba abin da ke danne silib, ka juya karanshaf sai su ɗago tare da fistin, abin da ya toshe gindinsu ya lalace, ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. A injin da za ka canza wa silib ba komai, amma a wanda za ka sayo, in ka buɗe don dubawa, ka danne su da manyan wasa da kusoshi tukuna.

Mai Walda Panteka:
Kuma kada ka rataya cen-bulok a reshen darbejiya don sauke inji. Na san kowa na yi, na kuma san wanda reshe ya ɓalle masa inji ya sauka a kan fenda. Fendar wannan kuwa ka ji abin da Baba ya ce. Ka zo in haɗa maka ƙafa uku ta bututun ruwa mai kauri, in ka gama ka dawo mini da ita.

Rewaya Sabon Gari:
Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da ka saya, ka kuma je ofishin lasin a gyara takarda, don lambar inji na cikin abin da ake dubawa a hanya. Wayoyin da ɓeraye suka ci kuma kada ka yi ta ɗaure-ɗaure da salatif, wayar shekara hamsin ce, robarta ƙarau take karyewa. A zare duka a ja sabuwa, motar ba ta da wayoyi da yawa, aikin kwana uku ne.

Sadiq Turbo:
Duk wannan surutun a ƙare a doki 90 da wani abu. Keke Napep ma sai ta wuce shi.

Umman Khairat:
Sadiq, kai wace mota gare ka ne? Kullum muna jin turbo ba mu taɓa ganin hoto ba.

Autan Alhaji:
Salam 'yan gida, mako bakwai ke nan, ga rahoto. Na samo XN1 a Ƙofar Ruwa, an ce daga wata doguwar 504 aka sauke shi. Na tafi da ma'aunin matsi na aro, muka ɗaura masa kik da batir a ƙasa, silinda huɗun suka ba da kusan abu ɗaya, sannan na biya. Oga Mai Walda ya yanke ƙasan ƙofar, ashe ɓarnar ta kai tsawon hannuna, ya sa sabon falle. Oga Rewaya ya zo har gida ya kwana biyu. Dashen kansa ni da ɗalibaina biyu muka yi ranar Asabar, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, kusoshi suka faɗa ramukansu kamar sun san hanya. Abin da ya ba mu wuya ƙaramin abu ne, sandar giyabos ta ƙi shiga tsakiyar kuloci, muka yi awa uku muna jijjiga, sai da na sa giya na ɗaga tayar baya ɗaya yaro ya juya ta kaɗan, sai ji muka yi ƙwal, ta zauna.

Jiya bayan la'asar ta tashi a bugu na huɗu. Hayaƙi ya cika gida, ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka tara a salansa ya yi ta fitowa kamar harsashi, kajin maƙwabta suka watse. Na kira Hajiya a waya na kara mata a jikin bonet, ta ce in kashe haka nan, ta ji. Ban fita da ita titi ba, don birki huɗun duk faranti ne kuma duk sun kama, robobin tiyo sun kumbura, su ne aikin makon gobe.

Injin Baba yana kan benci. Ranar kwana 16 da jiƙo ya motsa kamar faɗin farce, yanzu yana zagaye cikakke.

Injiniya V8:
Ma sha Allah. Na sauka daga kan bakana, amma rabi. In kun gaji da tafiyar kunkuru 1UZ na nan ba inda zai je. Ranar fita ta farko a kira ni, ni zan biyo ku a baya da igiyar ja.

Baba Kakuri:
Barka, ɗana. Famfon nan kada ka kwance ko kusa ɗaya a jikinsa, kada kuma ka ba mai gyaran famfon gas ya gwada sa'arsa. Yana da ɗan wurin mansa daban, ka zuba sabo, ka juya shi da hannu sau goma duk Juma'a, ka mayar cikin rigar. Takardar ajamin kuma ka ɗauke ta hoto ka sa ta a leda. In ka buɗe top ɗin Alhaji ka turo mini hoton hanyoyin ruwa, ina so in ga ko alminiyam ɗin ya ciwu.

Ɗan Maraɗi:
Malam, a hoto na uku na ga murfin fitilar baya ta hagu ya fashe, tsagar tsakiya. Wata mai zuwa zan shiga Yamai, akwai wani tsohon gareji da nake tunawa da gawar irinta a bayansa, ban sani ba ko masu gwangwan sun riga mu. Auno mini tsawo da faɗi, ka ɗauko hoton lambar da ke jikin robar.

Autan Alhaji:
To Yaya, bari gari ya waye in samu haske, yanzu an ɗauke wuta.